Ƙullin Bagaruwa Da Maganar "An Gwada A Jami'a"

Wadda ke bakin murhu ta ɗan rage wuta, wadda ke tankaɗe ta jawo rediyo kusa, domin maganar yau ta shafi ƙullin nan da kusan kowaccenmu ke da shi a cikin kwalla ko a ƙarƙashin gado.

Wata 'yar uwa ce ta aiko mana da wasiƙa daga Taba, cikin ƙaramar hukumar Kudan. Ta ce jego take yi, haihuwarta ta biyu. Wata mai yawo gida-gida da kayan mata ta sayar mata da wani gari a leda, ta ce garin bagaruwa ne da wasu 'ya'yan itatuwa, a zauna a ruwansa, a kuma sha, har ma a ɗiga wa jariri idan cikinsa ya ɓaci. Da ta nuna shakka, sai mai tallar ta ce mata kada ta ji komai, ai an gwada shi a jami'a a Zariya. To yanzu ga jaririnta ɗan wata biyu yana gudawa, surukarta ta ce a ba shi, ita kuwa zuciyarta ba ta kwanta ba. Shi ne take tambaya: shin gaske ne ana gwada irin waɗannan abubuwa a jami'a, kuma idan an gwada, shi ke nan sai a sha?

'Yar uwa, bari in fara da abin da ba ya jira. Jaririn da bai cika wata shida ba, nonon uwa ne abincinsa, shi ne ruwansa. Kada a ɗiga masa wannan gari. Ki ci gaba da ba shi nono akai-akai, a kuma roƙi maigida ya kai ku asibiti mafi kusa yau ɗin nan, domin gudawa tana tsotse ruwan jikin jariri cikin ɗan lokaci. Idan kika ga maɗigarsa ta faɗa, idanunsa sun zurma, ya rage fitsari, ko ya kasa kama nono, to ko tsakar dare ne a tafi. Ita kuma Iya, a lallashe ta cikin ladabi. Son jikanta ne ya sa ta faɗi haka.

Yanzu mu dawo kan tambayar. E, gaskiya ne ana bincike a kan itatuwanmu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wadda aka buɗe a 1962, tana da sashen nazarin tsirrai, tana kuma da tsangayar haɗa magunguna mai sashe guda da aikinsa ke nan, binciken maganin da ake samu daga tsirrai. Ɗalibai da malamansu sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan bagaruwa, aduwa, tsamiya, taura, kanya, ɗinya da sauransu. Sai dai kalmar "an gwada" tana da hawa-hawa kamar tsani, kuma ya kamata mu san a kan wane mataki ake magana.

Mataki na farko shi ne tabbatar da itacen kansa. Za ki yi mamaki, wai mutum ya yi karatu har digiri biyu, amma ba a yarda ya ce "wannan bagaruwa ce" da bakinsa kawai. Dole ya je gindin bishiyar, ya yanko reshe mai ganye, da fure idan lokacinsa ne, da 'ya'yan. Sai a shimfiɗa reshen tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako har ya bushe, a liƙa a kan farar takarda mai kauri, a rubuta garin da aka samo shi, da ranar, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Daga nan a kai ɗakin adana busassun tsirrai na jami'ar, inda aka jera dubban irin waɗannan takardu a cikin kabad. Masanin wurin zai ɗauko wanda aka riga aka tabbatar, ya jera su, ya dubi ganye, ya dubi ƙaya, ya dubi 'ya'ya. Idan sun dace sai ya ba da lamba. Wannan lamba ita ce shaida, ko bayan shekara ashirin wani ya yi gardama, sai a buɗe kabad a duba.

Me ya kawo wannan wahala? Saboda sunayenmu suna da ruɗani. Ki duba bagaruwa kawai. Wasu su ce bagaruwa, wasu su ce gabaruwa, duk abu ɗaya. Amma akwai bagaruwar ƙasa, wadda ƙaramin tsiro ce daban. Akwai kuma wuraren da zogale ake kira bagaruwar Makka. Suna ɗaya, tsiro uku, kowanne da abin da ke cikinsa. Ita bagaruwar majema ma kanta iri-iri ce: wata 'ya'yanta sun tsuke tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar carbi, wata kuwa masu faɗi ne da ɗan lanƙwasa a gefe. Shi ya sa masana a duniya suka yarda a ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latinanci, tsarin da wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya kafa a 1753. Bagaruwa an daɗe ana kiranta Acacia nilotica, aduwa kuma Balanites aegyptiaca. Da wannan suna, mai bincike a Samaru da na Sudan da na Indiya za su san bishiya ɗaya suke nufi.

Kada ki ɗauka wannan ilimi ya raina namu. Wani likita Bature, Dokta Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zuwan Turawa, ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sa'an nan ya fitar da babban littafi a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Daga ina ya samo sunayen da amfanin? Daga bakin kakanninmu: manoma, makiyaya, majema, masu magani. Har yau mai bincike yakan fara ne da tambayar tsofaffi.

To a nan ne matsalarmu take, mu matan da ke cikin gida. Kakanninmu sun san bishiya da idonsu. Mu kuwa ba ma zuwa daji, ba ma zuwa kasuwar Makarfi ko ta Ikara mu zaɓa da hannunmu. Yaro ake aike, ko mai talla ta shigo da shi har ɗaki, kuma sau da yawa a dake yake zuwa. Gari kuwa ba shi da ganye, ba shi da ƙaya. Ko shi masanin da ke Samaru, idan aka miƙa masa garin da aka haɗa abu biyar, ba zai iya rantsewa a kan abin da ke ciki da kallo kawai ba. To ina ga ni da ke? Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane.

Mataki na biyu shi ne duba sinadaran da ke cikin 'ya'yan itacen. Aikin yana farawa ne kamar na tsakar gida. A shanya su a inuwa, a daka a turmi, a jiƙa garin a ruwa ko a wani irin sifirit na ɗakin gwaji, a tace, a ƙafar da ruwan har ya bar wani abu mai danƙo. Sai a riƙa ɗiban kaɗan-kaɗan ana zubawa a 'yan kwalabe, ana ɗiga wa kowacce wani ruwan gwaji, ana kallon launin da zai fito.

Idan aka ɗiga ruwan sinadarin ƙarfe, abin ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi ko kore-kore, to akwai sinadarin da ake kira tanin. Wannan kina iya ganinsa da idonki: ki jiƙa bagaruwa a tsohon kofi, ki jefa ƙusa mai tsatsa, ki bar shi ya ɗan jima, za ki ga ruwan ya yi baƙi. Tanin shi ne baurin nan da ke kama miki harshe idan kika ciji ɗanyar kanya. Shi ne kuma dalilin da ya sa majema a Kano da Zariya da Sakkwato suke jima da bagaruwa tun zamanin da: yana kama fata ya tsuke ta, ya hana ta ruɓewa.

Idan kuma aka girgiza ruwan a kwalba, kumfa ta taso ta daɗe ba ta kwanta ba, to akwai wanda ake kira safonin. Aduwa tana da shi sosai. Ki jiƙa 'yan ƙwayoyi a gora ki girgiza, za ki ga kumfa kamar an sa sabulu. Akwai kuma wani ruwan gwajin da ke sa wani abu mai ruwan goro ya kwanta a ƙasan kwalba, alamar akwai alkaloyid. Wannan dangi ne mai ƙarfi, daga cikinsa aka samo manyan magunguna irin su kwinin na zazzaɓin cizon sauro, wanda wasu masana biyu a Faransa suka fitar daga ɓawon wata bishiya a 1820. Daga cikinsa kuma ake samun dafi, irin wanda ke cikin zaƙami.

To 'yar uwa, a nan nake so ki buɗe kunne. Yawancin abin da masu talla ke nufi da "an gwada" bai wuce wannan mataki ba, idan ma an yi shi. Wannan gwaji abin da yake faɗa kawai shi ne akwai kaza, babu kaza. Bai faɗi yawansa ba. Bai ce yana warkar da wata cuta a jikin mutum ba. Bai faɗi awon da za a sha ba, bai kuma ce mai ciki ko jariri za su iya sha ba. Kamar a leƙa tukunya ne a ce akwai gishiri a miyar. To, gishirin daidai ne, ko ya yi yawa har ba ta ciwuwa? Wannan sai an ɗanɗana.

Bayan wannan akwai sauran tafiya mai nisa. Za a shuka ƙwayoyin cuta a faranti a ga ko ruwan itacen yana kashe su. Za a ba ɓeraye awo daban-daban na kwanaki, a duba hantarsu da ƙodarsu. Sai an tsallake duk wannan kafin a zo kan mutane, su ma da yardarsu, likitoci na lura da su. In ba ki misali daga ƙasarmu. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, wadda aka kafa a 1987, ta karɓi wani haɗin gargajiya na masu ciwon sikila, wanda ya ƙunshi masoro, kanumfari, karan dafi da wani itacen Kudu. Sai da aka shafe sama da shekara goma ana bincike kafin ya shiga kasuwa a 2006, kuma ko a lokacin ba a ce yana raba mutum da sikila ba, rage yawan tashin ciwon yake yi. Kin ga bambancin mai bincike da mai talla: mai bincike yakan faɗi iyakar maganinsa.

Ga wani misalin daga aduwa. Tun 1933 wani likita a Sudan, Archibald, ya nuna cewa idan aka zuba 'ya'yan aduwa a ruwa suna kashe dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya. Wannan gaskiya ne. Amma kashe dodon koɗi a kududdufi daban, fitar da tsutsa daga marar yaro daban. Idan ɗanki yana fitsarin jini bayan wanka a rafi ko aikin fadama, maganinsa ƙwaya ce da ake bayarwa a asibiti. Aduwa kuwa a tsotsa don marmari, in an sha da yawa ma takan saki ciki.

Ita bagaruwa fa? Abin da iyayenmu suka sani game da ita bincike bai ƙaryata ba: tanin ɗinta yana tsuke fata, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a faranti. Shi ya sa aka daɗe ana wanke gyambo da ita, ana kurkure baki, masu jego na zama a ruwanta. Amma ki tuna abin da take yi wa fatar akuya. Idan aka cusa garinta a gaba don matsi, tana busar da wurin, ya tsattsage, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Wadda aka yi wa ɗinki ta tambayi ma'aikaciyar asibiti kafin ta zauna a kowane irin ruwa, kuma ruwan ya zama mai ɗumi, kada ya zama mai ƙuna. Sa'an nan tanin yana riƙe sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci, ya hana jiki amfana da shi. Sinadarin ƙarfe kuwa da shi jiki ke yin jini. Ke nan maijegon da ta zubar da jini, in ta dage da shan ruwan bagaruwa kullum, tana jinkirta dawowar jininta da hannunta. Ko shayi mai kauri haka yake yi idan an sha shi tare da abinci ko tare da ƙwayar ƙarin jini.

Farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka kuwa, wanda ake damawa da nono, yana da bitamin C mai yawa, shi kuma taimaka wa jiki yake yi wajen ɗaukar sinadarin ƙarfe. Sai dai tafasa tana rage shi, don haka a dama shi da ruwa mai tsabta wanda ya huce. Kin ga amfanin sanin abin da ke ciki: bishiya biyu a bayan gari ɗaya, aikinsu ya saɓa.

Akwai kuma waɗanda ba a wasa da su sam. Bini-da-zugu, wanda ake shinge da shi, ƙwayarsa tana da gardi kamar gyaɗa, yara kan fasa su ci. A 1986 masu bincike a jami'ar nan ta Zariya sun ba da rahoton yara biyu, ɗan shekara uku da ɗan shekara biyar, da suka ci ƙwayar suka yi ta amai har ruwan jikinsu ya ƙare, da aka gwada ta a kan ɓeraye kuma aka tabbatar da dafinta. Ƙwayar zurma ma haka take, ta ma fi haɗari. Wani lokaci kuma nuna ce ke raba abinci da guba. Akwai wani ɗan itace da Yarabawa ke kira ishin, Hausawa kan ce gwanja-kusa. Idan ya nuna ya buɗe da kansa ana cin naman cikinsa, amma ɗanyensa yana zubar da sukarin jini. A 1998, a ƙasar Burkina Faso, yara 29 suka rasu cikin 'yan watanni, bincike kuma ya danganta abin da cin ɗanyensa. Allah ya kiyaye mana zuriya. Idan yaro ya ci wani ɗan itace ya fara amai ko ya galabaita, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A ɗauki ragowar abin da ya ci, da ganyen bishiyar in da hali, a tafi da su asibiti, likita ya gani.

To me za mu yi, mu da muke cikin gida? Na farko, ki sayi 'ya'yan itace da siffarsu, ki daka da kanki. Idan bagaruwa kike so, ki ce wa maigida ko yaron aike a kawo miki ita da ɓawonta, ki nuna wa tsohuwar gidan ta tabbatar. Ku kuma iyayenmu, don Allah ku zaunar da mu ku koya mana, wannan ilimi kada ya tafi da ku.

Na biyu, ki duba ki sansana. Duk wanda ya yi fumfuna, ko ƙwari suka huda, ko yake warin danshi, a zubar. Fumfuna tana haifar da dafin da ke lalata hanta a hankali, kuma tafasa ba ta kashe shi. Ki shanya a kan tabarma mai tsabta inda kaji da awaki ba sa kaiwa, ki adana a mazubi mai murfi.

Na uku, idan aka ce miki an gwada, ki yi tambaya cikin fara'a: wane itace ne da wane a ciki? A kan me aka gwada, a kwalba, ko a ɓera, ko a mutum? Nawa ake sha, kwana nawa? Wa aka hana ya sha? Mai gaskiya ba ta jin haushin tambaya. Wadda ta ce sirri ne, ko ta ce maganinta ɗaya yana maganin sanyi da basir da hawan jini da rashin haihuwa, to ki riƙe kuɗinki. Idan na kwalba ne ko na kwali, ki sa a duba miki lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da ranar da zai lalace. Ki kuma sani, a maganin gargajiya lambar tana nuna an duba lafiyar shansa ne, ba shaida ce cewa yana warkar da duk abin da aka jera a jikin kwalin ba.

Na huɗu, mai ciki, mai shayarwa, jariri, da mai ciwon ƙoda ko hanta ko sukari, kada su sha wani haɗi sai sun tambayi ma'aikacin lafiya. Idan kin riga kin sha, kada ki ɓoye wa likita don tsoron faɗa. Ki faɗa masa abin da kika sha, da yawansa, da ranar da kika fara. Yaron da ya wuce wata shida kuma, in yana gudawa, a dama masa ruwan gishiri da sukari na fakiti yadda aka rubuta a jiki, a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004, a ci gaba da nono da abinci. Maijegon da ta ga zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko ruwa mai wari, wannan ya wuce bagaruwa, asibiti za a nufa.

Ku kuma mazajenmu da ke saurare daga zaure, mun san kuna ji. Ku ne ƙafafunmu zuwa kasuwa, ku ne masu ba da izinin fita. Idan uwargida ta ce yaro ba shi da lafiya, a taimaka a kai su da wuri.

'Yar uwarmu ta Taba, Allah ya ba jaririnki lafiya, ya raya shi, ke kuma ya ba ki lafiyar shayarwa. Ki gaishe mana da Iya. Muna jiran wasiƙarki ta gaba mu ji yadda jikin nasa ya yi. Sauran 'yan uwa na Hunkuyi, Likoro, Makarfi, Ikara da duk inda muryar nan ta kai, a ci gaba da aiko da tambayoyi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah, a huta lafiya.